Tambaya da Amsa: Me Tambarin Garkuwar Tsohon Soja Yake Faɗa?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, wato tambarin garkuwa irin wanda wasu sojoji ke mallaka da sunan kansu, musamman bayan sun tuɓe kaki. Mun taƙaita tambayoyin domin fili ya isa, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Lokacin da Janar Colin Powell na Amurka ya rasu a 2021, na ga hoton wani tambari da aka ce nasa ne na kansa: garkuwa shuɗiya mai takubba biyu a giciye da taurari huɗu, da jan zaki a samanta, sannan kan mikiya a can bisa. Ni a sanina ƙasa ce ke da tambari, ko jami'a, ko rundunar soja. Ta yaya mutum ɗaya zai mallaki nasa, kuma me waɗannan abubuwa suke nufi? Daga wani ɗalibin tarihi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tambarin ƙasa da na jami'a da ka saba gani ƙanne ne, na mutum ɗaya shi ne wansu. Al'adar ta tsiro a yammacin Turai cikin ƙarni na 12, a tsakanin barade masu hawa doki da sulke, kuma sai daga baya garuruwa da majami'u da makarantu suka ara. Ana yawan cewa dalilinta shi ne kwalkwali ya rufe fuskar mahayi har nasa ba sa gane shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, domin a dogon ƙyallen nan mai ɗinkin hotuna na garin Bayeux da ke Faransa an nuna William na Nomandi a yaƙin Hastings na 1066 yana ɗaga kwalkwalinsa don mutanensa su ga yana raye. Sai dai masana da yawa suna ganin filin gasar sukuwa da sukar mashi, da kuma hatimin da ake bugawa a kan takardu, sun fi fagen fama tasiri wajen kafuwar abin, tunda garkuwar da ta sha ƙura da laka da sara ba ta karantuwa a tsakiyar gumurzu. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da suka rage shi ne allon kabarin Geoffrey na Anjou, wanda ya mutu a 1151, inda aka zana shi riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zakoki na zinariya. Jikansa ya ci gaba da amfani da irin wannan zane, kuma wannan gadon ne ya raba tambari da adon garkuwa kawai.

Na Powell kuwa ya fito ne daga Edinbara a 2004, daga hannun Lord Lyon, wato jami'in da ke kula da tambura a Sikotlan. Iyayen Powell 'yan Jamaika ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma dangin mahaifiyarsa suna da jibi da Sikotlan. Da yake shi Ba'amurke ne, an bi ta wata hanya da dokar can ta yarda da ita: an rubuta tambarin da sunan mahaifinsa, Luther Powell, wanda aka haifa talakan masarautar Birtaniya, sannan ɗan ya gada.

Takubban nan biyu suna nuna aikin soja, taurarin huɗu kuma muƙaminsa ne na janar mai tauraro huɗu, wanda da shi ya shugabanci majalisar manyan hafsoshin Amurka daga 1989 zuwa 1993. Jan zakin ishara ce ga Sikotlan, amma ka lura da yadda aka kauce wa taka hurumin sarki: zakin masarautar Sikotlan a tsaye yake a kan ƙafar baya bisa fili na zinariya, na Powell kuwa tafiya yake yi bisa fili fari. Kan mikiya yana ɗauke da kaya biyu, domin mikiya mai farin kai ita ce tsuntsuwar Amurka, kuma kanta ne alamar Runduna ta 101 ta sojojin lema, wadda ya yi aiki a cikinta har ya jagoranci birged. Takensa yana cewa ya duƙufa ga hidimar jama'a, abin da ya dace da mutumin da ya bar soja ya zama sakataren harkokin wajen ƙasarsa daga 2001 zuwa 2005. Ana iya kewaye garkuwar da alamar lambar girmamawa ta Bath, wadda Sarauniyar Ingila ta ba shi a 1993.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsinin takubban ƙasa yake kallo. Mutane da yawa suna karanta wannan a matsayin takobin da ya gama aiki, kuma karatu ne mai daɗi, amma babu wata doka da ta ce dole haka ake fassara shi. A wani tambarin, mai zane yakan juya takobi ƙasa don kawai ya samu wuri, ko don ya bambanta shi da na wani da aka riga aka rubuta a rajista.

Tunda sauran tambayoyin za su taɓo sassan tambari, bari in faɗe su a nan. Garkuwa ita ce uwa, kuma ita kaɗai ta isa a kira abu tambari. A samanta ake ɗora kwalkwali, daga shi wani mayafi ya sauko gefe da gefe, wanda masu zane ke yayyaga bakinsa kamar ya sha sara. A ƙoƙon kwalkwalin akwai murɗaɗɗen ƙyalle mai kama da gammo, a kansa kuma tukku yake zama, kamar kan mikiyar nan na Powell. Sai take, wanda a Ingila akan rubuta a ƙasa, a Sikotlan kuma a sama. Dama da hagun garkuwa na mai riƙe da ita ne, saboda haka abin da kake gani a hagunka shi ne damarta, kuma nan ne gefen da ya fi daraja.

TAMBAYA: Malam, na yi shekaru ina aikin soja kafin in yi ritaya. Na ci karo da wani jadawali a intanet da ke cewa a tambari ja na nufin jinin da aka zubar a fagen fama, shuɗi amana, baƙi juyayi, kore kuma fata nagari. Shin haka abin yake? Daga wani tsohon soja.

AMSA: Ranka ya daɗe, irin wannan jadawali ya cika intanet, kuma ba jiya aka fara rubuta shi ba, domin tun ƙarnonin baya akwai marubutan Turai da suka jingina wa kowane launi hali da dutse mai daraja da tauraro. Matsalar ita ce ba su dace da juna ba, kuma hukumomin da ke ba da tambura ba su taɓa ɗaure kansu da shi ba. Da ja yana nufin jinin yaƙi a ko'ina, da malaman coci da attajirai da 'yan kasuwar da ba su taɓa zare takobi ba, ba su cika garkuwoyinsu da shi ba.

Ƙa'idar da ta tabbata ta gani ce. Launukan sun kasu gida biyu: ƙarafa biyu, wato zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da rawaya da fari, sai launuka biyar, ja da shuɗi da kore da baƙi da shunayya. Akwai kuma wasu zane-zane da ke kwaikwayon fatun dabbobi masu gashi. Dokar ita ce ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a kuma ɗora launi a kan launi. Soja ya fi kowa saurin gane hikimar: jan abu a kan baƙin fili yana ɓacewa daga nesa, fari a kan shuɗi kuwa yana fitowa sarai ko da magariba ta kawo jiki. Duba na Powell da muka ambata, fararen takubba ne a kan shuɗi, jan zaki kuma a kan fari. Shahararren tambarin da ya karya dokar shi ne na masarautar da mayaƙan Turai suka kafa a Ƙudus a zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, mai gicciye na zinariya a kan azurfa, kuma saboda ƙarancin irinsa ne har yau ake kawo shi misali.

Wannan ba ya hana launi ɗaukar ma'ana a garkuwar mutum guda. Tsohon sojan igwa na Birtaniya da ya zaɓi ja da shuɗi yana nuni ne ga launukan rundunarsa, kuma duk wanda ya yi aiki a can zai gane da kallo ɗaya. Sojan sama yakan nemi shuɗi mai haske irin na sararin samaniya. Ma'anar tana fitowa ne daga tarihin mai tambarin, shi ya sa hukumar Kanada take ajiye bayanin dalilin kowace alama a rajistarta tare da zanen.

TAMBAYA: Shin duk wanda ya yi soja yana da ikon samun irin wannan tambari, ko sai janar-janar? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, amsar tana bin ƙasa. A Ingila da Wales da Ailan ta Arewa, Kwalejin Tambura da ke Landan ce ke bayarwa, wadda Sarki Richard na Uku ya ba takardar kafuwa a 1484. Mai nema yana rubuta takardar roƙo zuwa ga jami'in da ke kan kwalejin, muƙamin da gidan Duke na Norfolk ke gada, kuma daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai muƙamin hafsa a soja, da lambobin girmamawa, da digirin jami'a, da hidimar jama'a. Ke nan ba sai janar ba. Kuɗin ya kai dubban fam, kuma a ƙarshe ana ba mutum takarda ta fata wadda aka rubuta aka kuma zana da hannu, da hatimai a rataye. Sikotlan tana da nata tsarin a ƙarƙashin Lord Lyon, da rajista da aka buɗe tun 1672, kuma a can amfani da tambarin da ba a rubuta ba laifi ne da kotu ke iya saurara. Kanada ta kafa tata hukumar a 1988, Afirka ta Kudu kuma tana da ofishi bisa dokar 1962. Amurka ba ta da hukumar da ke ba ɗaiɗaikun mutane tambari. Cibiyar da sojanta ke da ita tana tsara alamun rundunoni da lambobin yabo ne, don haka Ba'amurke yakan tsara nasa da kansa ko ya nemi na ƙasar kakanninsa.

Inda muƙami yake fitowa fili shi ne a kewayen garkuwar. A tsarin Ingila, kwalkwalin talaka mai mutunci na ƙarfe ne a rufe, na wanda aka ba sarautar barde a buɗe yake yana fuskantar mai kallo, na 'yan majalisar sarauta kuma na azurfa ne mai sandunan zinariya. Dabbobi ko mutanen da ke tsaye gefe da gefe suna tallafe da garkuwa ba kowa ake ba ba, sai masu manyan sarautu da masu lambobin girmamawa mafi ɗaukaka.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya yi aiki a rundunar igwa, ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, yanzu ya tsufa. Ni da 'yan'uwana muna son a tsara masa tambari. Mun shirya a saka igwa, da bajen rundunarsa, da lambobin yabonsa duka, da taswirar ƙasashen da ya je, da tutar ƙasa, da shekarar da ya shiga soja da wadda ya fita. Me za ka ba mu shawara? Daga wata 'yar tsohon soja.

AMSA: Malama, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, ya kuma ƙara wa Baba lafiya. Shawarata ita ce ku zubar da mafi yawan abin da kuka lissafa, kuma zan kawo miki sojoji biyu domin ki ga dalili.

Na farko shi ne Horatio Nelson, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin sojan ruwan Birtaniya, wanda ya rasa ganin idonsa na dama a 1794, ya rasa hannun dama a 1797, ya kuma mutu a yaƙin Tarafalga a 1805. A tsarin Turai akwai abin da ake kira ƙarin girmamawa, wato sarki ya ƙara wa mutum wata alama a garkuwarsa saboda wata bajinta. Nelson ya yi ta cin nasara, aka yi ta ƙara masa. Garkuwar da ta fara da baƙin gicciye a kan zinariya ta samu ɗamara mai bama-bamai uku suna ci da wuta. Bayan ya tarwatsa jiragen Faransa a gaɓar Masar a 1798, sai aka ƙara mata hoto sukutum a sama: igiyar ruwan teku, da bishiyar dabino a tsakiya, da lalataccen jirgi a gefe ɗaya, da rusasshen sansanin igwa a ɗaya gefen. Tukku ma biyu ya samu, ɗaya gashin ado ne na lu'ulu'u da Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Uku ya aiko masa, ɗayan kuma bayan wani jirgin yaƙin Sifen ne da ya kama. Bayan mutuwarsa aka ƙara wa ɗan'uwansa sunan Tarafalga a rubuce a tsakiyar garkuwar. Babu abu ɗaya a ciki da bai cancanta ba, amma masana tambura sun daɗe suna kawo ta misalin garkuwar da kaya suka yi wa yawa. In aka ƙanƙantar da ita zuwa girman zobe, sai dabinon da jirgin da sansanin su dunƙule su zama tabo.

Na biyu shi ne Dwight Eisenhower, wanda ya jagoranci rundunonin ƙawance a Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da suka sauka a gaɓar Nomandi ta Faransa a watan Yunin 1944, ya kuma shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961. Danmak ta ba shi lambarta mafi girma, wato lambar Giwa, a 1945, kuma al'adarsu ce a rataye garkuwar duk wanda ya samu lambar a fadar Frederiksborg. Ba shi da tambari, sai aka tsara masa. Mutumin da ya ja ragamar miliyoyin sojoji, abin da ke garkuwarsa shi ne uwar maƙera guda ɗaya, shuɗiya, a kan fili na zinariya. Sunansa na asalin Jamusanci ne, ma'anarsa mai saran ƙarfe, maƙerar kuma wasa ce da sunan. Taurarinsa biyar na janar an kai su can kan tukku, takensa kuma yana maganar zaman lafiya ta hanyar fahimtar juna. Yaro zai iya zana wannan garkuwa bayan ya gan ta sau ɗaya, kuma ni a wurina ta fi ta Nelson nauyi.

Irin wannan wasa da suna tsohuwar dabara ce. Gidan Bowes-Lyon, dangin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, bakuna da zakoki ne a garkuwarsu, saboda sunayen biyu suna kama da kalmomin baka da zaki a Turanci. Ku duba sunan Baba ko laƙabin da abokan aikinsa ke kiransa da shi, wataƙila alamar tana nan tana jiranku.

Yanzu ga jerin naku. Lambobin yabo ba a cikin garkuwa ake zana su ba; a tsarin Birtaniya da Kanada ana rataye su ne a ƙarƙashinta da zirin ƙyallensu, kuma nasa ne shi kaɗai, ba sa bin tambarin zuwa ga 'ya'ya. Bajen runduna da tutar ƙasa da alamar Majalisar Ɗinkin Duniya duk suna da masu su, kuma doka tana kare su a ƙasashe da yawa, saboda haka ishara ake yi musu, ba a kwafo su. Don aikin igwa, ƙwallon bam mai harshen wuta a kai tsohuwar alama ce da ta fi hoton igwa kyau a garkuwa. Don kiyaye zaman lafiya, reshen zaitun ko shuɗi mai haske irin na hular aikin ya wadatar. Taswira da shekaru kuwa ku bar su ga littafin tarihinsa. Akwai kuma kambuna uku da aka saba ba sojoji: kambi mai siffar ganuwa na sojan ƙasa, wanda asalinsa kyautar da Rumawa ke ba sojan da ya fara hawa ganuwar abokan gaba, kambi mai filafilai da bayan jirage na sojan ruwa, da kambi mai taurari da fukafukai na sojan sama. Layin da ke raba garkuwa ma ana iya yi masa haƙora irin na bakin ganuwa, ya faɗi tsaro ba tare da an zana ko bindiga ɗaya ba.

Na taɓa ganin wani zane da iyalan wani marigayin kanar suka sa aka yi musu. An raba garkuwar gida shida, kowane ɗa ya saka abin da ya tuna, har da tankar yaƙi da hoton barikin da suka taso. Da aka nuna wa wani tsohon abokin aikinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ina gadar, domin abin da duk rundunar ta san marigayin da shi ke nan, wata gada da ya riƙe da mutane kaɗan. Babu ɗaya daga cikin 'ya'yan da ya san labarin. Ku kuwa Baba yana raye, saboda haka kafin ku nemi mai zane ku zauna da shi ku tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai a duk shekarun, kada ku yi mamaki in bai ambaci igwa ba.

Abu na ƙarshe, ku tabbata an rubuta bayanin tambarin da kalmomi. A wannan fanni rubutun ne asali, zanen kuma fassararsa ce. In rubutu ya ce jan zaki mai tafiya a kan azurfa, kowane mai zane yana da 'yancin yi masa gashin wuya da farata yadda hannunsa ya saba, kuma duk tambari ɗaya ne.

TAMBAYA: Na ga shaguna a intanet suna sayar da tambarin kowane sunan iyali. In sunan mutum ya zo ɗaya da na wani tsohon janar, yana iya amfani da tambarinsa? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a, Malam. A Ingila da Sikotlan tambari na mutum ne da zuriyarsa, ba na suna ba, kuma abin da shagunan nan ke yi shi ne su buɗe tsohon kundi su ɗauko na wani mai irin sunan su buga maka a kofi ko allo. Ko 'ya'yan cikinsa ma akwai alamun da ke bambanta su a al'adar Ingila: ɗan fari yana ɗora wata 'yar sanda mai harsuna uku a saman garkuwa muddin uban yana raye, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, na huɗu wani ɗan tsuntsu marar ƙafa, na biyar zobe. Macen da ba ta da ɗan'uwa namiji takan kai tambarin mahaifinta ga 'ya'yanta, su haɗa shi da na ubansu a garkuwa ɗaya. Kanada ta daidaita 'ya'ya mata da maza a gadon.

Don ka ga yadda aka ɗauki abin da zafi, a 1385, lokacin da Sarki Richard na Biyu ya kai yaƙi Sikotlan, barade biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, sun tarar da garkuwarsu iri ɗaya ce, shuɗiya mai ɗamara ta zinariya a karkace. Aka shiga kotun barade, aka saurari ɗaruruwan shaidu, mafi yawansu tsofaffin mayaƙa da ke faɗin filin dagar da suka ga garkuwar da kuma hannun wanda suka gan ta, shari'ar ba ta ƙare ba sai 1390. Scrope ya yi nasara, Grosvenor ya koma ga damin alkama na zinariya a kan shuɗi, wanda zuriyarsa ke riƙe da shi har yau. Kotun ba ta mutu ba a takarda, ko da yake zamanta na ƙarshe a 1954 ne, lokacin da hukumar birnin Manchesta ta kai ƙarar wani gidan wasa da ke amfani da tambarinta.

TAMBAYA: Wannan al'ada ta Turawa ce kaɗai, ko an taɓa yin irinta a ƙasashen Musulmi? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: An yi, Malam, kuma ta sojoji ce tsantsa. Mamalik, waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, bayi ne da ake sayowa suna yara, a horar da su yaƙi, a 'yanta su, wasunsu su zama sarakunan yaƙi har da sarakunan ƙasa. Kowane amiri yana da alamarsa da ake kira ranki, kalmar da ta fito daga Farisanci da ma'anar launi. Galibi da'ira ce da aka raba gida uku a kwance, kuma ana ganinta har yau a jikin gine-ginen Alƙahira, da fitilun gilashi na masallatai, da tasoshin tagulla da ke gidajen tarihi. Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, zaki ne alamarsa, an buga shi a kuɗinsa da gine-ginensa, amma mafi yawan amirai kayan aiki suka ɗauka. Mai shayar da sarki ƙoƙon sha ne nasa, mai riƙe masa tawada gidan alƙalami, mai riƙe makamai takobi, mai kula da tufafi adiko, mai riƙe sandunan wasan ƙwallon doki kuma sanduna biyu.

Bambancinsa da na Turai shi ne galibi ba a gadonsa, domin tsarin Mamalik kansa bai ginu a kan ɗa ya gaji muƙamin uba ba. A ƙarni na 15 alamun sun fara cakuɗuwa, ana haɗa adiko da ƙoƙo da gidan alƙalami a da'ira ɗaya don nuna rukunin da mutum ya fito da ubangidan da ya rene shi. Kafin wannan lokaci kuwa, amiri yakan riƙe alamar hidimar da yake yi a fada sa'ad da aka ɗaga shi, ko da daga baya ya zama gwamnan Dimashƙu ko jagoran runduna, shi ya sa za ka tarar da fitilar masallacin da wani babban sarkin yaƙi ya gina, sunansa da laƙubbansa sun zagaye ta da manyan baƙaƙe, a tsakiyar da'irar kuma ƙoƙon shan da ya riƙa miƙa wa ubangidansa yana saurayi.